Darasi na Goma Sha Bakwai: Idan Tarakta Ta Kafe a Fadama

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, in dai mai kallon ƙasa ne ba mai gyangyaɗi a mota ba, lalle zai lura da cewa Allah ya shimfiɗa wa mutanen wannan yanki ƙasa iri biyu, kowace da halinta, kowace kuma da abin da take so a shuka mata. Akwai tudu, inda jigawa take, mai rairayi mai sauƙin huɗa, wadda ruwan sama kan sauka a kanta da dare kafin hantsi ta shanye shi. Can ake gero da dawa da wake. Akwai kuma kwari, inda fadama take, mai baƙar laka mai danƙo, wadda idan ta kama ruwa ba ta sakinsa sai ta ga dama. Nan ake shinkafa da damina, in ruwa ya janye kuma a bi da albasa da tafarnuwa da tattasai da alkama. Tun kafin zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, wajen shekarar 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga, ake noman waɗannan fadamu da hauya da ƙarfin damtse, ba kuwa a damu da zancen kafewa ba, domin mutum ba shi da nauyin kirki, ƙafarsa kuma takan sanar da shi halin ƙasa tun a takun farko.

Kafewa ta zo mana ne tare da ƙarfe. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950 aka fara kawo manyan taraktoci masu tafiya a kan sarƙa lardin Sakkwato, suna nome wa mutane fadamun shinkafa ana biyan lada. Daga baya, musamman bayan da Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa tamu, ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma a shekarar 1980, taraktoci masu taya suka yawaita, har ana haɗa na Steyr a Bauci, ana haɗa na Fiat a Kano. Yau babu yaron da bai san tantan ba, kamar yadda muke kiranta a nan, kuma da wuya a sami manomin da bai taɓa bin layin hayarta ba. To, a wannan layi ne asalin musibar yake, gama tarakta guda ce take yi wa ƙauyuka da yawa hidima, kowa kuma yana son ta a mako ɗaya, mai gona yana tsoron kada lokaci ya wuce shi, direba yana ƙirga kadada nawa zai gama kafin magariba, saboda haka sai su haɗu su biyu su shigar da ita ƙasar da ba ta isa shiga ba, alhali kuwa kowanensu ya san ba ta isa ba.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci yadda abin yake faruwa, domin wanda bai san sababin cuta ba, maganinsa kame-kame ne. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin su Massey Ferguson 375 da muka saba gani, nauyinta yakan kai tan biyu da rabi zuwa uku, mafi yawan wannan nauyi kuwa a kan ƙafafun baya yake. Waɗannan ƙafafu an yi musu manyan haƙora na roba don su ciji ƙasa su tura motar gaba. Muddin ƙasa tana da ƙarfin da za ta tokare wa haƙoran, tafiya tana yiwuwa. Amma da zarar ta yi laushi, sai laka ta cike tsakanin haƙoran, taya ta koma sumul kamar gindin tulu, ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Kowane juyi kuwa kwasar ƙasa yake yi daga ƙarƙashinta yana watsawa baya, wato tarakta da kanta take haƙa wa kanta rami, gwargwadon yadda direba ya taka totur gwargwadon saurin haƙar. Akwai kuma wata hikima da maƙera suka sa a tsakanin ƙafafun bayan nan biyu, wata tukunyar haƙoran ƙarfe wadda take barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gudu idan za a sha kwana. A kan hanya rahama ce, a cikin laka kuwa fitina ce, domin takan tura juyin duka wajen ƙafar da ta fi samun santsi, ta bar wadda take kan ƙasa mai ƙarfi tsaye ba ta motsi.

Kafewa hawa uku ce. Akwai wadda laka ba ta kai cibiyar taya ba, akwai wadda ta kai ga sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafafun baya, akwai kuma wadda cikin tarakta ya zauna daram a kan laka, ƙafafun suna lilo ba su ɗauke da komai. Ta farko direba mai hankali yakan fita daga cikinta shi kaɗai a cikin minti kaɗan. Ta uku takan ci kwana biyu da gayya. Abin da nake so a riƙe shi ne, da wuya ƙasa ta kai tarakta hawa na uku da kanta. Ƙasa takan kai ta na farko, sauran biyun ƙafar direba ce take ƙarasawa.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a wata fadama ta ƙasar Shagari, shekarar da nake koyar da ajin manya a wani ƙauye da ke wajen. Watan Nuwamba ne, ruwa ya janye, hunturu ya fara busawa, ana shirin dashen albasa. Wannan lokaci ya fi tsakiyar damina yaudara, domin da damina kowa yana ganin ruwa yana tsoronsa, amma a kaka sai saman laka ya bushe ya yi ɓawo, ya tsattsage, har ɗan akuya ya yi tsalle a kai ba ya barin sawu, alhali ƙarƙashinsa, in ka nutsa kamu guda, kunu ne tsararo. Tarakta ta iso da hantsi da haro a bayanta, direbanta saurayi ne mai kuzari, ya ɗaura rawani ya rufe hanci saboda ƙura. Wani dattijo mai gonar maƙwabta, wanda yake ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya tare shi a bakin gona, ya nuna masa wani ɗan lungu da sandarsa, inda ciyawa ta fi ta ko'ina kore, ya ce, "Yaro, kak ka bi ta nan. Tsohon ramin jigo na, bara jakina ya nutse nan har ƙirji." Saurayin ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda ya yarda da abin hawansa, ya ce, "Baba, ai wanga ba jaki na ba, doki saba'in da biyar na." Dattijo ya ce, "To, ɗana, doki saba'in da biyar ai sun hi jaki guda nauyi."

Zagaye biyu ya yi lafiya, a na uku ƙafar dama ta baya ta fasa ɓawon. Na ji muryar injin ta sauya, na ga tarakta ta ɗan karkata kamar raƙumi zai durƙusa. A wannan lokaci, da ya taka kuloci ya tsaya, da ba a yi labari ba. Sai ya ƙara wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, laka ta riƙa tashi sama tana zubo wa masu kallo, ya sa giyar gaba, ya sa ribas, ya sake sa ta gaba. Kafin mutum ya karanta Fatiha ƙafa uku, ƙafar ta nutse har cibiya, ta hagu ta bi ta, haro ya kwanta a ƙasa ya zama turke. Da ya kashe injin ya sauko, sai da ya taka laka har gwiwa, wurin kuwa ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe mai hucewa da wani ɗan tsotso da laka take yi a gindin tayoyin.

Nan da nan samari suka taru, kowa da fatawarsa. Wadda ta fi samun karɓuwa ita ce a kawo gungumen itace a gicciya shi a gaban ƙafafun baya, a ɗaure shi da sarƙa a jikin tayoyin, direba ya sa giyar gaba, in tayoyin sun juya su taka gungumen su ɗago. Har an tafi neman gungumen, sai Allah ya kawo wani tsohon bakanike daga cikin gari, wanda aka aika wa yaro a kan babur. Da ya ji abin da ake shiri, bai yi dogon bayani ba, ya zare makullin tarakta ya jefa a aljihu, ya ce wanda yake son ya yi haka ya fara aikawa a haƙa kabari tukuna.

Ga dalilinsa, kuma shi ne zuciyar wannan darasi. Injin tarakta ƙoƙarinsa kullum shi ne ya juya ƙafafun baya. Idan ƙafafun suka ƙi juyawa, ko don laka ta riƙe su ko don an ɗaure su da gungume, ƙarfin injin ba ya ɓacewa, sai ya nemi abin da zai iya juyawa, abin nan kuwa shi ne gangar jikin tarakta kanta. Sai gabanta ya ɗaga sama, kamar dokin da ya miƙe a kan ƙafafun baya, ta kifa da baya a kan wanda yake zaune a kujera. Masana da suka auna wannan al'amari sun ce a cikin kashi uku cikin huɗu na sakan guda gaban yakan kai inda ba ya komowa, a cikin sakan ɗaya da rabi kuma an gama kifewa, wato kafin ƙafar direba ta lalubo kuloci ƙaddara ta riga fata. Amma idan ribas aka sa, wannan ƙarfi ɗin dai sai ya juya ya danna gaban tarakta ƙasa, ba ta da hanyar kifewa ta baya. Saboda haka ƙa'ida ita ce, tarakta da baya take fita daga laka, ta hanyar da ta shigo, wadda ma an riga an san ta ɗauke ta sau ɗaya.

Da yake yawancinku kun yi karatun allo, wasunku ma sun taɓa littattafan fiƙihu, bari in jera muku hukunce-hukuncen bisa tsarin da kuka saba, ba don ina mai da kaina mufti ba, sai don ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Wajibi ne direba ya ɗauke ƙafarsa daga totur ya taka kuloci da zarar ya ji taya ta juya ba tare da motar ta ci gaba ba. Mustahabbi ne, tun yana hawa na farko, ya ɗaga garma ko haro, ya taka ɗan ƙarfen nan da yake wajen diddigensa na dama a yawancin taraktoci, wanda yake kulle ƙafafun baya su juya tare, ya sa ribas, ya saki kuloci sannu a hankali da ƙaramar wuta, sitiyari a miƙe. Sharaɗinsa kada ya taka ƙarfen nan alhali ƙafa ɗaya tana tsananin juyawa, domin haƙoran ciki suna iya karyewa. Idan ya gwada sau ɗaya ko sau biyu bai ga alamar motsi ba, ci gaba da gwadawa makaruhi ne mai kusantar haramun. Ɗaure gungume a taya da sa giyar gaba kuwa haramun ne wanda babu saɓani a cikinsa, haka nan barin mutane su tsaya a bayan taya suna cusa itace alhali tana juyawa, domin takan harbo katako da ƙarfin da zai karya ƙafar ƙato.

Mu koma fadama. Abin da bakaniken nan ya fara sa mu shi ne kwance haro, aka zare ƙusoshinsa uku, mutum takwas suka ja shi gefe da igiya, domin duk abin da yake rataye a bayan tarakta nauyi ne kuma turke ne. Sa'an nan ya raba shebur da hauya, ya ce a yi haƙa a bayan kowace ƙafa, har ƙafafun gaba, kuma kada a haƙa rami mai tsaye kamar rijiya, a yi shi gangare mai tsawo, taku huɗu ko biyar, yadda taya za ta hau sannu kamar mai hawa tudun kasuwa. Aiki mafi wuya shi ne kwashe lakar da take ƙarƙashin cikin motar, wanda sai mutum ya kwanta rub da ciki yana yakuto ta da hannu da ƙaramar fartanya. Ba kuwa a yarda kowa ya shiga ƙarƙashinta ba sai da aka tokare ta da itace, injin a kashe. Fa'idar wannan wahala ita ce, laka ba nauyi kawai take riƙewa ba, tsotso take yi, kamar yadda take cire wa mutum takalmi, kuma sai iska ta sami hanyar shiga ƙarƙashi tsotson yake sakin abin da ya kama. Da aka gama, aka kawo jak, aka ɗora shi a kan faffaɗan katako don kada shi ma ya nutse, aka ɗaga ƙafar dama kaɗan, aka cusa marmara da tsakuwa, aka sauke, aka sake ɗagawa, aka ƙara, har ta sami abin takawa. A kan gangaren kuma aka shimfiɗa azarar giginya a gicciye, aka bi da dammunan karan dawa. Bakaniken ya rage wa tayoyin baya iska kaɗan don su ƙara faɗi, amma ya gargaɗe mu kada a zarce, domin taya mai tub idan ta yi laushi ainun takan zame a kan ƙarfenta ta tsinke bakin tub ɗin. Magariba ta same mu a nan, an yi gwaji ɗaya, ta motsa kamar taki guda ta tsaya, ya ce a bar ta ta kwana. Wasu suka yi gunaguni, ni ma a raina na ga kamar da an ƙara gwadawa. Amma gajiyayyun mutane da duhu da sarƙa ba su haɗuwa a wuri ɗaya a rabu lafiya.

Da safe aka samo wata tarakta daga wajen Boɗinga. A nan ma akwai ilmi, kuma a nan ne ɗan lissafin da muke koyo zai yi mana rana. Masu aikin ceto motocin soja suna da ƙiyasi cewa motar da ta nutse zuwa cibiyar ƙafa tana bukatar ja daidai da nauyinta, wadda laka ta rufe ƙafafunta tana bukatar ninki biyu, wadda ta nutse har gangar jiki kuwa ninki uku. To, idan tarakta tan uku ce, laka kuma ta rufe ƙafafunta, ja nawa ake nema? Tan shida. Wanda ya san wannan ba zai kawo igiyar rijiya ba, ba kuma zai wahalar da shanun huɗa ba, gama bijimi a aikin yini ba ya jan abin da ya wuce wajen ushurin nauyinsa, ko da yake yakan fi haka a fizga ɗaya. Haƙan da muka yi jiya kuwa amfaninsa ke nan, ya sauko da motar daga hawa mai tsada zuwa hawa mai araha.

Sarƙa ake nema mai kauri, wadda ba a taɓa ƙulla ta da waya ko ƙusa ba, mai tsawon da zai bar tarakta mai ceto ta tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi, domin an sha ganin mai ceto ya matso kusa ya zama na biyu a rami. Igiyar roba, irin mai miƙewa, ita ce mafi sharri, musamman in an sa mata ƙugiyar ƙarfe a baki, domin in ta tsinke takan komo kamar danƙon harbin tsuntsu, ƙugiyar ce dutsen, kan direba kuwa shi ne a saitinta. Wurin ɗaurawa kuma guda ne tak, wato ƙarfen ja da yake can ƙasa a bayan tarakta, inda ake maƙala tirela, wanda maƙera suka ajiye shi ƙasa da sandar ƙafafun baya da gangan. Wanda ya ɗaura sarƙa a sama da nan, ko a jikin sandar, ko a ramin da ake sa ƙarfen sama na garma, ya mai da tarakta mai ceto abin kifewa, bisa dalilin da muka riga muka faɗa. Wannan haɗi mai ƙusa uku da ake rataya garma da shi, wani mutumin Ailan mai suna Harry Ferguson ne ya ƙago shi, ya yi masa rajista a shekarar 1926, kuma daga cikin abin da ya nufa da shi har da hana tarakta kifewa idan garma ta ci karo da dutse ko saiwa. To, dubi yadda jahilci kan ɗauki abin da aka yi don tsari ya mai da shi sababin halaka.

Bakaniken ya kori kowa nesa, fiye da tsawon sarƙar ta kowace fuska, yara ma ya sa aka kai su bisa tudu, ya jefa jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar sarƙar don ya kashe mata ƙarfi in ta tsinke. Ya ce shi kaɗai zai yi magana, shi ma da hannu. Mai ceto ya sa ƙaramar giya, ya tafi sannu har sarƙa ta miƙe ta yi tsam, babu fizga. Sa'an nan saurayin namu, wanda ya kwana bai ce wa kowa uffan ba, ya sa ribas ya saki kuloci kamar mai tsoron tashin jariri. Aka ji laka ta yi wata irin ajiyar zuciya, karan dawa ya riƙa ƙara yana karyewa, azara ɗaya ta nutse, tayoyin suka kama ta biyu, sai ga tarakta tana fitowa da baya, baƙa ƙirin, laka na zuba daga cikinta. Ana kiran azahar muka ga ƙafafunta huɗu a kan busasshiyar ƙasa. Aikin da aka yi ciniki a kan sa'a biyu ya ci yini da rabi.

Inda babu tarakta ta biyu, akwai wata dabara. A haƙa rami mai zurfi a kan ƙasa mai ƙarfi, a gicciye da hanyar ja, a kwantar da ƙaton gungume a ciki, a ɗaura masa sarƙa a fito da ita ta wata 'yar siririyar hanya, a binne, sa'an nan a haɗa da abin jan nan mai sarƙa da bakanikai suke ɗaga inji da shi, a riƙa ja kaɗan kaɗan ana cusa itace a gaban taya don kada ta koma. Yana da jinkiri, amma ba ya cin rai. Game da ƙarfen nan mai kama da ƙofar gida da ake kafawa a bayan kujerar direba kuwa, wanda ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun shekarar 1959, abin takaici ne yadda ake cire shi a wurinmu a ajiye, ko a musanya shi da rumfar kwano mai kare rana kawai. Shi ne yake hana motar danne mutum in ta kife, muddin ya ɗaura ɗamarar kujera.

Fitowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. A wanke laka tun ba ta bushe ba, musamman wajen birki da cibiyoyin ƙafafu, a mayar wa tayoyi iskarsu, a bi duk wuraren giris a cika har tsohon ya fito. A zaro sandar gwajin baƙin mai, a kuma duba man giya. In an ga ya yi fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga, sai a juye shi. Idan kuwa a cikin ruwa ta kafe har injin ya mutu da kansa, kada a kuskura a tayar da shi sai bakanike ya duba, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma in ya shiga inda ake matsa iska, ƙarafan cikin injin ne za su lanƙwashe.

Saura mas'alar da ta fi laka danƙo, wato wa zai biya. A wancan karo an kusa a ɓata, mai tarakta yana cewa gonar ce ta ci masa kwana biyu da man gas na mai ceto, mai gona yana cewa ai an yi wa direba gargaɗi a gaban shaidu. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin ijara cewa wanda aka ɗauka aiki, da wanda ya yi hayar abu, amintattu ne, ba a ɗora musu lamunin abin da ya lalace sai in an tabbatar da ta'addi ko sakaci. Kuma wanda ya san aibi a wurinsa ya ɓoye, ya yi algus. Da liman ya zaunar da su, sai ya tambayi abu biyu kawai: shin mai gona ya san da ramin, kuma shin an faɗa wa direba? Da aka amsa duka biyun da i, aka yi sulhu, mai tarakta ya ɗauki kuɗin mai, mai gona ya ɗauki abincin 'yan gayya da azarar da aka karya, saurayin kuma ya je har gida ya ba dattijon nan haƙuri. Shawarata, tun da yanzu hannunku ya fara faɗawa da alƙalami, ku riƙa rubuta wannan sharaɗi a takarda tun ranar ciniki, layi biyu sun isa, kowa ya sa hannu.

Kafin mu haɗu a darasi mai zuwa, ga aikin da kowa zai yi. Ya sami rodin ƙarfe mai tsawon kamu uku, ya je fadamarsa ko ta maƙwabcinsa, ya zaɓi wuri biyar, daga ciki har da inda ciyawa ta fi kore, da inda kacala take tsirowa, da duk inda ya ji an ce an taɓa yin rijiya ko ramin jigo. A kowane wuri ya danna rodin da ƙarfin hannu kawai, ya auna iyakar inda ya shiga, sa'an nan ya haƙo ƙasa daga zurfin da garma take kaiwa, ya murza ta a tafin hannu. In ta murzu ta yi siririya kamar tsinken tsintsiya ba ta karye ba, ya rubuta "ba ta isa ba", in ta farfashe ya rubuta "ta isa". Ya zana gonar a takarda, ya sa alama a wuraren biyar da lambobinsu, ya kuma tambayi wanda ya fi kowa tsufa a cikin masu noman wannan fadama ko akwai wuri na shida da ya manta.